Gwanda A Matsayin Magani: Madara, 'Ya'ya, Ganye, Kowanne Da Nasa Kaifi

Ka sami ɗanyar gwanda tana kan uwarta, ka ja mata farce ko bakin wuƙa a bayanta. Kafin ƙiftawa da bisimilla wani farin ruwa mai kauri kamar madara zai tsattsafo, ya gangaro, ya soma daskarewa. In ya zauna maka a fata ya jima, wurin zai yi ƙaiƙayi, wani ma har ya sale. Ka bari wata irinta ta nuna ta yi jawur, ka ja mata farce kamar yadda ka yi wa ta farko. Ruwan nan ya tafi, ko ɗigo sai da ƙyar. Bishiyar ba ta canza ba, amma abin da ke cikin ɗan nata ya canza, kuma aikin da zai yi a jikin mutum ya canza tare da shi.

Daga nan ya kamata duk maganar gwanda ta faro, domin kuskuren da aka fi yi a kanta shi ne a ce "gwanda na maganin kaza" a ja bakin a yi shiru. Wace gwanda? Ɗanya ko nunanna? Ganyen, ko baƙaƙen 'ya'yan cikinta, ko madarar, ko saiwar? Nawa za a sha, kwana nawa, kuma wa zai sha? Waɗannan sassa ba sinadari ɗaya suke ɗauke da shi ba. Wani cikinsu mai ciki za ta ci ta kwana lafiya, wani kuma shi ne abin da ake jiye mata. Masu maganin gargajiya na ƙwarai sun san wannan bambanci tun da can. Waɗanda suka tsinci maganar a hanya su ne suke haɗa komai su dama.

Asalin bishiyar kudancin Meziko ne da yankin tsakiyar nahiyar Amurka. Wani Basifaniye mai suna Oviedo ya yi bayaninta a rubuce a 1526, kuma a cikin wannan ƙarni jiragen Sifaniyawa da na Turawan Fotugal suka kai irinta Filifin da Indiya, daga baya ta bazu a Afirka da duk inda ake da zafi da ruwa. A 1753 masanin tsirran nan Linnaeus ya raɗa mata sunan da masana ke kiranta da shi har yau, Carica papaya. Bishiya ce mai gaggawa: gangar jikinta taushi gare ta, cikinta rami, kuma takan soma haihuwa kafin ta cika shekara. Yau Indiya ce ke kan gaba wajen nomanta a duniya. Sai a lura, gwandar daji wata bishiya ce dabam daga wani dangi dabam, suna ne kawai ya haɗa su, don haka abin da za a faɗa a nan bai hau kanta ba.

Abin da ke ɗaure kai shi ne, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, a tsibiran Karebiya da Indiya da Indunisiya da Afirka, sun faɗa kan amfani iri ɗaya da ita. Kusan ko'ina za ka tarar ana ba da 'ya'yanta ko madararta don tsutsar ciki, ana ɗora ɗanyar a kan gyambo, ana dafa ganyen don zazzaɓi, ana kuma hana mai ciki cin ɗanya. Ruwa ba ya tsami banza. Idan al'ummu masu nisa da juna haka suka yi ittifaƙi a kan abu, akwai abin da idonsu ya gani, kuma ya cancanci a tsaya a bincika mene ne.

Madarar ce aka fara ganowa. A 1879 wasu Faransawa biyu, Wurtz da Bouchut, suka tace wani sinadari daga cikinta suka kira shi papain. Aikinsa guda ne: narkar da furotin, wato abin da aka gina nama da fata da jijiya da shi. Furotin kamar doguwar sarƙa yake, shi kuwa papain almakashi ne mai datse zoben sarƙar ɗaya bayan ɗaya har ta wargaje. Shi ya sa nama mai tauri ke laushi in an naɗe shi a ganyen gwanda. Ita bishiyar ba don mu ta tanadi wannan makami ba, kariya ce gare ta daga ƙwari masu cin ɗanyen ɗanta. Da ɗan ya nuna, lokacin da take son tsuntsu da dabba su ci su watsa iri ya yi, sai ta janye makamin. Masu haƙar papain don sayarwa kan tsattsaga bayan ɗanyar gwanda da sassafe, su tari ruwan, su busar da shi ya zama gari. Akwai kuma ɗan'uwansa a cikin madarar, chymopapain, wanda aka ware a 1941.

In ka riƙe wannan aiki guda na narkar da furotin, rabin labarin gwanda ya warware maka, na alherinta da na sharrinta duka.

Ɗauki gyambo da ƙuna. Abin da ke hana tsohon miki warkewa sau da yawa shi ne mataccen naman da ya lulluɓe shi, ƙwayoyin cuta na samun mafaka a ƙarƙashinsa, sabon nama ya rasa ta inda zai tofo. A asibiti likita kan kankare shi da wuƙar tiyata. Gwanda kuma narkar da shi take yi a hankali. A 1999 wasu likitoci suka wallafa yadda ake amfani da ita a sashen yara na babban asibitin Banjul a Gambiya: a dandaƙa naman gwanda, a shimfiɗa a kan bandeji, a ɗora a kan ƙunar yaro kullum. Suka ce tana cire mataccen nama, tana share mikin har ya isa a yi masa dashen fata, yaran kuma suna jurewa, ga shi ba tsada. A Jamaika ma ma'aikatan jinya sun daɗe suna ɗora ɗanyar gwanda a kan gyambon da ya ƙi ji. A Barazil har an yi wani man shafawa da papain wanda likitan haƙori ke sa wa ruɓaɓɓen haƙori don ya tausasa ɓangaren da ya lalace kafin a kankare. A ganina wannan shi ne wurin da ilimin gargajiya ya fi samun gaskatawa a kan gwanda. Sai dai a kula da inda aka yi aikin Banjul: asibiti ne, hannu wankakke, bandeji mai tsabta, ana duba mikin kowace rana, kuma da zarar jan nama mai lafiya ya bayyana aikin gwanda ya ƙare. Mai ciwon sukari da ke da miki a ƙafa, wanda sau da yawa ba ya ma jin zafin wurin, bai kamata ya yi wa kansa wannan a ɗaka ba, don mikin kan ci ciki har ƙashi alhali samansa na nuna kamar da sauƙi.

Likitocin zamani sun taɓa ruɗuwa da ƙarfin madarar nan su ma, kuma darasin da suka koya ya shafi kowa. A 1964 wani likitan ƙashi a Amurka, Lyman Smith, ya ba da rahoton yi wa masu ciwon baya allurar chymopapain a cikin guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya. Wannan guringuntsi kan zamo ya danne jijiya, ciwo ya riƙa sauka har ƙafa. Allurar na narkar da tsakiyarsa ya motse, jijiyar ta samu sarari, ba tare da an yanka mutum ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1982, dubban mutane suka amfana. Amma wasu jikinsu ya yi mummunan bori nan take, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi, wasu kuma da maganin ya ɓulla inda bai kamata ba jijiyoyinsu suka taɓu. A 2003 aka daina sayar da ita a can. Haka kuma an taɓa ba mutanen da nama ya maƙale musu a maƙoshi ruwan papain su sha don ya narkar da loman. Sai aka samu waɗanda ya narkar da loman ya haɗa da bangon maƙoshin, ya huda shi, har aka yi asarar rai, aka watsar da dabarar. A 2008 hukumar ta Amurka ta hana sayar da man shafawa masu papain da ba ta tantance ba, saboda rahotannin borin jini mai tsanani. Almakashin nan bai san naman sa da na mutum ba. Saboda haka madarar gwanda ba abin ɗigawa a ido ba ce, ba kuma abin kurɓa tsagwaronta ba. Wanda kuma jikinsa ke bori in ya sa safar hannu ta roba, ya yi hattara da gwanda baki ɗaya, don furotin ɗin da ke cikin ƙaron roba da na gwanda suna kama da juna, jiki kan ɗauke su abu guda.

Maganar masu ciki ma a madarar take. A Indiya da Siri Lanka da wasu ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, tsohuwar magana ce cewa ɗanyar gwanda na zubar da ciki. A 2002 masu bincike a Jami'ar Ƙasa ta Singafo suka gwada a kan ɓeraye. Waɗanda aka ba nunanniyar gwanda suka haihu lafiya kamar sauran. Amma da aka sa madarar ɗanya a kan naman mahaifar ɓera, sai ta riƙa murɗawa da ƙarfi irin yadda take yi in an ba ta maganin tayar da naƙuda. Gwaji ne a kan dabba, kuma ba wanda zai yarda a maimaita shi a kan mace mai juna biyu. Amma tun da gargaɗin kakanni da sakamakon ɗakin gwaji sun zo daidai, ni ban ga dalilin da zai sa mai ciki ta yi kasada da ɗanya ko wadda ta soma nuna ba ta ƙarasa ba. Haka 'ya'yan da jiƙon ganyen, ta bar su sai ta sauka. Wadda kuma ta ji wannan ta ɗauka hanya ce ta rabuwa da ciki, ta sani ɓarin da bai fita duka ba yana kawo zubar jini da ruɓewar mahaifa, kuma yana kisa.

Sai baƙaƙen 'ya'yan da yawancin mutane ke kwashewa su zubar. In ka tauna ɗaya za ka ji yaji mai hawa hanci. Wannan yaji na wani sinadari ne, benzyl isothiocyanate, wanda ba ya samuwa sai an fasa ƙwayar, abubuwa biyu da ke ware a cikinta su haɗu. Ke nan wanda ya haɗiye su ɗungum bai sha maganin komai ba, yadda suka shiga haka za su fita. Shi wannan sinadari an tabbatar a ɗakin gwaji yana kashe tsutsa. Papain ma na taimakawa ta nasa ɓangaren, don fatar tsutsar ciki furotin ce, kuma an ga yadda yake ɓarke ta. A 1994 an ba aladu masu macijin ciki madarar gwanda a Indunisiya, aka ga tsutsar na raguwa gwargwadon yawan abin da aka ba su.

A kan mutane fa? A 2007 aka wallafa wani gwaji da likitocin yara suka yi a kudu maso yammacin Nijeriya. Yara 60 masu ƙwayoyin tsutsa a bayan gidansu aka raba biyu. Rabi aka ba su busassun 'ya'yan gwanda da aka niƙa aka gauraya da zuma, rabi kuma zuma zalla. Bayan kwana bakwai, 23 cikin 30 na rukunin farko bayan gidansu ya fita tas, a rukuni na biyu kuwa 5 ne kacal. A 2018 aka ba da rahoton wani a Kenya, inda 'yan makaranta 326 suka shiga. An zuba garin 'ya'yan gwanda a kunun da ake ba wasu kullum na tsawon wata biyu, ƙwan macijin ciki ya ragu da kusan kashi 64 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar albendazole, maganin tsutsa na asibiti, sau ɗaya tak nasu ya ragu da kusan kashi 79. Wannan sakamako ya wanke masu maganin gargajiya: 'ya'yan gwanda na aiki a kan tsutsa. Ya kuma nuna iyakar aikin, tun da wata biyu na gari bai kamo ƙwaya ɗaya ta asibiti ba. Inda babu ƙwayar, sanin wannan alheri ne babba. Inda take, ita ta fi dacewa da yaro.

Akwai kuma abin da ya kamata maza su ji. A Jami'ar Rajastan da ke Jaifur a Indiya, masu bincike sun shafe shekaru suna nazarin 'ya'yan gwanda a matsayin maganin tazarar haihuwa na maza. Sun ba birai wani tataccen sinadarin 'ya'yan kullum, cikin kimanin wata uku ƙwayoyin haihuwa suka ɓace daga maniyyinsu, da aka daina ba su kuma suka dawo bayan 'yan watanni. An ga makamancin haka a ɓeraye da zomaye. Tatacce ne mai ƙarfi aka yi amfani da shi, ba taunar 'ya'ya biyu ko uku ba, kuma bai kai matsayin maganin da mutum zai dogara da shi don hana haihuwa ba. Amma magidancin da ke neman haihuwa, aka ce masa ya riƙa shan cokalin garin 'ya'yan gwanda kowace safiya don wanke ciki, yana iya yin gudun gara ya faɗa gidan zago.

Ganyen ne ya fi kowane sashe suna, shi ne kuma aka fi yi wa ƙari. Ɗacinsa na wani sinadari ne da ake kira carpaine, wanda wani Baholande mai suna Greshoff ya fara warewa a tsibirin Jaba a 1890. An gani a dabbobi cewa in ya yi yawa yana rage bugun zuciya yana saukar da jini. Ganye mai irin wannan aiki ba ruwan sha ba ne da za a cika kofi a yi ta kwankwaɗa.

An fi dafa shi don zazzaɓi, kuma a nan gizo ke saƙa, don zazzaɓi alama ce, cututtukan da ke ƙarƙashinta suna da yawa. A zazzaɓin cizon sauro, an ga ruwan ganyen na rage ƙwayar cutar a kwalbar gwaji da jikin ɓeraye. Wannan ba abin rainawa ba ne, don manyan magungunan maleriya biyu daga tsiro suka fito: kwinin daga ɓawon bishiyar sinkona a 1820, artemisinin kuma daga wani ganye da Sinawa suka daɗe suna jiƙawa, aikin da ya sa masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015. Amma su an bi su mataki mataki, an tace, an auna, an gwada a kan dubban marasa lafiya. Ganyen gwanda bai bi wannan hanya ba tukuna. Maleriya kuwa ba ta jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta kashe mutum kimanin 597,000 a 2023, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Afirka. Yaro kan tashi da zafin jiki da safe, kafin kwana biyu cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ta shanye masa jini. Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wannan batu shi ne kwanakin da ake ɓatawa ana jiran jiƙo ya yi aiki. Ba ganyen ne ke kashe yaron ba, jinkirin ne. A yi gwajin jini, in maleriya ce a ba da maganin da aka tabbatar, a kuma shanye shi duka.

A zazzaɓin dengi ne aka fi yi wa ganyen gwanda bincike na ƙwarai, kuma labarinsa na buƙatar natsuwa. Dengi cuta ce da wani sauro mai zanen fari da baƙi, mai cizo da rana, ke yaɗawa, kuma har yanzu babu maganin da ke kashe ƙwayarta kai tsaye. Ɗaya daga alamominta shi ne faɗuwar ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda ake kira filatilet. Mai lafiya na da tsakanin 150,000 da 450,000 a kowane ɗan mitsitsin ma'aunin jini, mai dengi kuwa nasa kan zube ƙasa warwas. A Malesiya da Indiya da Siri Lanka mutane suka riƙa matse ɗanyen ganyen gwanda suna ba marasa lafiya, suna cewa ƙwayoyin na hawa. Cibiyar Binciken Lafiya ta Malesiya ta ɗauki maganar da muhimmanci. A gwajin da ta wallafa a 2013, marasa lafiya 228 aka raba biyu, rabi aka ba su ruwan da aka matse daga giram 50 na ganye sau ɗaya a rana har kwana uku, a kan kulawar asibiti da kowa ke samu. Bayan sa'a 40 zuwa 48, filatilet ɗin waɗanda suka sha ya fi na sauran hawa. Wasu gwaje-gwajen a Indiya da Indunisiya suka sami irin wannan, har kamfanoni suka soma yin ƙwayoyi da ruwan magani daga ganyen.

Duk da haka, da masana suka tattara gwaje-gwajen nan suka auna su a 2019, sai suka ce hujjar ba ta yi ƙarfin da za a kafa hukunci a kanta ba, don yawancinsu ƙanana ne, tsarinsu kuma da rauni. Akwai kuma abin da ya fi wannan. Abin da ke kashe mai dengi galibi ba ƙarancin filatilet ba ne. Jijiyoyin jini ne ke soma yoyo, ruwan jini ya tsiyaye zuwa cikin ciki da ƙirji, abin da ya rage a jijiya ya kasa isar gaɓoɓi. Kuma wannan na faruwa ne daidai lokacin da zazzaɓin ya sauka, tsakanin kwana na uku da na bakwai, sa'ad da 'yan'uwa ke murna an samu sauƙi. Lambar da ke kan takardar gwaji tana iya hawa alhali yoyon na ci gaba. Saboda haka ciwon ciki mai tsanani, amai ba ƙaƙƙautawa, jini a dasashi ko hanci, sanyin hannu da ƙafa, ko mutum ya yi laƙwas, duk alamun a garzaya asibiti ne, ko an sha ganye ko ba a sha ba. Kuma mai dengi ya nisanci asfirin da ibuprofen, don suna ƙara haɗarin zubar jini.

Game da ciwon daji, wato kansa, tushen maganar wani bincike ne na 2010 da masana daga Jami'ar Florida da Jami'ar Tokyo suka yi, inda ruwan busasshen ganyen gwanda ya rage girman ƙwayoyin kansa iri dabam dabam. A cikin farantin ɗakin gwaji aka yi, ba a jikin mutum ba. Abubuwa da dama na kashe ƙwayar kansa a faranti, kaɗan ne ƙwarai ke iya yin haka a jiki ba tare da sun kashe mai jikin ba. Duk wanda ya ce wa mace mai ƙullutu a nono ta bar asibiti ta koma shan ganyen gwanda ya zalunce ta, don watannin da kansa ke saurin jin magani su ne zai cinye mata. Ciwon sukari ma haka: ganyen na sauke sukari a ɓeraye, kuma wannan dalili ne na taka tsantsan ga mai shan ƙwayar sukari ko mai allurar insulin, kada biyun su haɗu su kayar da shi. Mai shan warfarin don tsinka jini shi ma ya sani an samu rahoton sinadarin gwanda ya ƙara wa maganin ƙarfi. Duk mai shan jiƙon ganye ya faɗa wa likitansa, musamman in ana shirin yi masa tiyata. Ba abin kunya ba ne, likita kuma da ya san aikinsa ba zai yi masa tsawa ba.

Matsalar da ke ƙarƙashin duk maganar ganye ita ce awo. Ganye biyu daga bishiya biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ɗanyen toho ya fi tsohon ganye carpaine, ƙasar da bishiyar ta tsiro da yanayin ruwa suna canza shi, matsewa ɗanye dabam, tafasawa dabam, tun da wuta na kashe papain amma ɗacin na nan. "Ganye uku a tukunya" ba ma'auni ba ne. A Malesiya iri ɗaya na gwanda suka zaɓa, suka auna giram, suka ƙayyade kwana uku. Wanda ya ɗauki sakamakonsu ya mayar da shi shan kofi biyu kullum har wata shida, wani abu dabam yake yi wanda ba su gwada ba.

Saiwa da furen namijin gwanda ma ana amfani da su a wurare da dama, saiwar don fitsari da ciwon mara, furen don tari, amma binciken da aka yi musu bai taka kara ya karya ba.

Nunanniyar gwanda, wadda ba a cika kiranta magani ba, ita ce ta fi kowane sashe tabbas. Giram 100 nata na ɗauke da kimanin miligiram 60 na bitamin C, babban mutum kuwa 75 zuwa 90 yake buƙata a rana, ke nan yanka mai kyau guda ya biya. Launin nan nata na ruwan ɗorawa zuwa ja na wasu sinadarai ne da jiki ke juya wasunsu su zama bitamin A, wanda ƙarancinsa ke kawo dundumi da raunin garkuwar jiki ga yara. Kusan kashi 88 cikin ɗari nata ruwa ne, ga ɗan harza, shi ya sa take sassauta wa mai taurin bayan gida, tsoho da mai jinya kuma ba sa wahalar tauna ta. Papain ɗin da ya rage mata kaɗan ne, don haka sauƙin cikin da ake ji bayan an sha ta yawanci aikin ruwan ne da harzar. Wanda ya yawaita shanta tafin hannunsa na iya yin ɗorawa, farin idonsa kuma na nan fari. Wannan ba ciwon shawara ba ne, yana washewa in an rage. Mai ciwon sukari zai iya shan yanka madaidaici. Mai ciki ma haka, muddin ta nuna sosai: bayanta ya rine gaba ɗaya, ta yi laushi in an latsa, kuma in an ja mata farce babu farin ruwan da ya fito.